Cinikin Biri A Sama

Jama'a, a wannan mako za mu kai ku nesa, can Ostiraliya, babbar ƙasar nan da ruwa ya kewaye ta ko'ina a kudu da Indunisiya, domin ku ga irin cinikin da shugabanninta suka ƙulla da sunan mutanensu. Abin da ake saye jiragen yaƙi ne masu tafiya a ƙarƙashin teku, guda 8. Kuɗin da Gwamnatin ƙasar ta faɗa da bakinta a watan Maris na 2023, duk da na gina ma'aikatu da koyar da ma'aikata da gyara, shi ne tsakanin dala biliyan 268 da biliyan 368 na kuɗin ƙasarsu, cikin shekara 30. Biliyan ɗaya miliyan dubu ke nan. Mutanen ƙasar gaba ɗaya wajen miliyan 27 ne. In an raba babban adadin nan a kansu, kowane rai, har jaririn da ke goye, zai ɗauki fiye da dala 13,000.

Mu ba mayaƙan ruwa ba ne, amma ciniki kam mun san shi, ku da kuke zaune a rumfa tun safe har magariba kun ma fi mu saninsa. Ana ganin kaya, a juya shi, a taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, har a kai ga sallama a gaban shaidu. In an ba da kafin alƙalami, to an san ranar da za a kawo kaya, an kuma san makomar kuɗin in ba a kawo ba. Abin da muke cewa shi ne cinikin nan na Ostiraliya ya saɓa wa ƙa'idodin nan kusan duka, kuma ko mai koko a bakin hanya ba za ta yarda a yi mata irinsa da jarinta ba.

AMFANIN JIRGIN

Kada wani ya ce ba mu san amfanin abin ba. Jirgin ƙarƙashin ruwa iri biyu ne. Akwai mai aiki da man dizal da batir. In ya nutse batir ne ke tura shi, in batir ya yi sanyi tilas ya taso kusa da saman ruwa, ya miƙo bututu ya shaƙi iska, ya ta da inji ya cika batir. A wannan lokaci ne abokan gaba suke samun damar ganinsa. Akwai kuma mai tukunyar nukiliya. Shi wannan ba ruwansa da iska, yana iya yin watanni a ƙasa, ba abin da ke fito da shi sai ƙarewar abincin ma'aikata, ga shi kuma da gudu. Ƙasashe 6 ne kawai suke da irinsa, watau Amurka da Rasha da Ingila da Faransa da Sin da Indiya. Amurka kuwa ba ta taɓa buɗe wa kowa asirin tukunyarta ba sai Ingila, a 1958.

Ostiraliya tana da dalilin tsoro. Kusan dukan kayan da take sayarwa da waɗanda take sayowa ta ruwa suke bi, har da yawancin man da motocinta ke sha. Ƙasar Sin ta fi kowace ƙasa yawan jiragen yaƙi na ruwa. A 2020 da suka ɓata, Sin ta ɗora haraji mai nauyi a kan sha'ir da giyar inabi ta Ostiraliya, ba ta janye ba sai a 2023 da 2024. A watan Fabrairu na 2025 jiragen yaƙin Sin guda 3 suka yi gwajin harbi a tekun da ke tsakanin Ostiraliya da Niyuzilan, har jiragen sama na fasinja suka sauya hanya, sa'an nan suka kewaya ƙasar suka koma. Duk wannan gaskiya ne. Ƙasa irin wannan tana bukatar abin kare kanta, ba mu yi musu ba. Amma wanda tsoro ya kora kasuwa shi ne dillalai suka fi so, domin ba ya tsayawa tayi.

MASU KAYA UKU, BA JIRGI KO ƊAYA

Jiragen da ƙasar take da su guda 6 ne masu man dizal, ana ce musu Collins. Mutanen Suwidin suka zana su, aka ƙera su a birnin Adelaide, na farko ya fara aiki a 1996, na ƙarshe a 2003. Tun a 2009 Gwamnatin Kevin Rudd ta ce za a maye gurbinsu da sababbi 12. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan shiri ne mai kyau. To amma sai aka yi shekaru ana magana ba a zaɓi komai ba.

Da Tony Abbott ya zama Firayim Minista a 2013 sai ya karkata ga Japan, ko da yake jam'iyyarsa ta yi wa mutanen Adelaide alkawari kafin zaɓe cewa a garinsu za a yi aikin. Ministan Tsaronsa, David Johnston, ya tashi a Majalisar Dattawa a 2014 ya ce shi ko kwalekwale ba zai amince wa kamfanin Gwamnati na Adelaide ya ƙera ba. Maganar ta ta da ƙura, ba a yi wata biyu ba ya rasa kujerarsa. Da Abbott ya ga tasa kujerar ma tana rawa, sai a farkon 2015 aka kira Japan da Jamus da Faransa su kawo tayinsu.

A watan Afrilu na 2016 Malcolm Turnbull, wanda ya gaji Abbott, ya ce Faransa ta ci. Za a ƙera jirage 12 a Adelaide a kan dala biliyan 50. Daga baya aka ji kuɗin ya doshi biliyan 90, ma'aikatan Gwamnati suka ce wai bambancin hanyar lissafi ne. Ku lura da wani abu a nan. Jirgin da Faransawa suke ƙera wa kansu, mai suna Barracuda, mai tukunyar nukiliya ne. Ostiraliya ce ta ce a cire tukunyar a sa mata injin dizal. Aka shekara 5 ana zane ana sake zane don a yi mata yadda take so.

Ran 30 ga Agusta 2021 ministocin tsaro da na harkokin waje na ƙasashen biyu suka fitar da takarda tare suna jaddada muhimmancin aikin. Bayan mako biyu, ran 15 ga Satumba, sai ga Firayim Minista Scott Morrison a talabijin tare da Joe Biden na Amurka da Boris Johnson na Ingila, suna shelar wani sabon ƙawance mai suna AUKUS. An fasa cinikin Faransa, dalili kuwa wai yanzu jirgi mai nukiliya ake so. Ashe an daɗe ana ƙulla wannan a ɓoye, har yawancin ministocin Morrison ba su sani ba. Ministan Harkokin Wajen Faransa ya ce an yi musu yankan baya. Faransa ta kira jakadunta gida daga Kanbera da Washinton, abin da ba ta taɓa yi wa Amurka ba. Da 'yan jarida suka tambayi Shugaba Macron a birnin Rum ko yana zaton Morrison ya yi masa ƙarya, sai ya ce shi ba zato yake yi ba, sani ya yi.

Fasa ciniki ba ya zuwa kyauta. A watan Yuni na 2022 sabon Firayim Minista, Anthony Albanese, ya yarda a biya kamfanin Faransa yuro miliyan 555 na sallama. Ya kuma faɗa cewa abin da aikin ya ci gaba ɗaya ya kai dala biliyan 3.4. Wannan kuɗin harajin mutane ne, kuma ba a sami ko jirgi ɗaya da shi ba.

SHARUƊƊAN SABON CINIKI

Ran 13 ga Maris 2023 aka taru a San Diego ta Amurka aka bayyana yadda sabon cinikin zai kasance. Amurka za ta sayar wa Ostiraliya jiragenta 3 samfurin Virginia daga farkon shekarun 2030, watakila a ƙara 2. Yadda aka bayyana a 2023, biyu na farko ba sababbi ba ne, na hannu ne waɗanda mayaƙan Amurka suka riga suka mora. Sauran kuwa wani sabon samfuri ne da Ingila ke zanawa, wanda ba a taɓa ƙera irinsa ba. Na farkon da za a ƙera a Adelaide sai farkon shekarun 2040. Watau yaron da aka haifa a shekarar da Rudd ya yi maganar jirage 12 zai haura shekara 30 kafin ya ga na farko na gida a ruwa.

Yanzu ku saurari sharuɗɗan, ku auna su da ma'aunin kasuwa.

Na farko, mai saye ne zai fara biya. Ostiraliya ta ɗauki alkawarin ba Amurka dalar Amurka biliyan 3, ta kuma aika da miliyan 500 na farko a watan Fabrairu na 2025. A watan Maris na 2024 ta yi wa Ingila alkawarin fam biliyan 2.4 cikin shekara 10, domin aikin zane da faɗaɗa ma'aikatar Rolls-Royce da ke Derby inda ake ƙera tukunyar. Waɗannan kuɗaɗe ba su ne kuɗin jirgi ba. Na gyara ma'aikatun masu kaya ne. Kamar ka je wurin maƙeri sayen garma ne, ya ce sai ka fara faɗaɗa masa maƙera, ka saya masa zugazugi da gawayi, sa'an nan in ya ƙera ya sayar maka da garmar a cikakken kuɗinta.

Na biyu, mai kaya yana da ikon riƙe kayansa. Dokar da Majalisar Amurka ta yi a watan Disamba na 2023 ta ce kafin a miƙa jirgi, sai Shugaban Amurka ya rubuta wa Majalisa, kwana 270 kafin ranar, cewa sayarwar ba za ta rage ƙarfin Amurka a ƙarƙashin ruwa ba. To ga inda gizo ke saƙar. Ma'aikatu biyu ne kawai ke ƙera wa Amurka irin jirgin nan, ɗaya a Groton ɗaya a Newport News. Ana son su fitar da biyu a shekara, amma daga 2022 zuwa 2025 abin da suka iya bai wuce ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Lissafin Amurkawa da kansu ya nuna sai sun kai biyu da sulusi a shekara kafin su ƙoshi har su sayar wa wani. Maƙerin da bai gama ƙera wa gidansa ba, ranar da damina ta faɗi, wa zai fara ba garma?

A watan Yuni na 2025 Ma'aikatar Tsaro ta Amurka ta fara sake duba cinikin, hankalin mutanen Kanbera ya tashi. A watan Oktoba Shugaba Trump ya karɓi Albanese ya ce a ci gaba, aka yi ta murna. Amma wa'adin Trump zai ƙare a watan Janairu na 2029, jirgin farko kuwa sai wajen 2032. Wanda zai sa hannu a takardar nan ba a ma zaɓe shi ba tukuna, kuma maganar wani ba za ta ɗaure shi ba.

Na uku, ba a san makomar kafin alƙalami ba. A 2024 wani ɗan Majalisar Dattawa ya tambayi shugaban hukumar da ke kula da aikin ko za a mayar wa Ostiraliya kuɗinta in Amurka ba ta ba da jirgi ba. Ya maimaita tambayar, bai sami amsar e ko a'a ba.

Na huɗu, ƙofar fita a buɗe take. Yarjejeniyar da ƙasashen uku suka sa wa hannu a watan Agusta na 2024 za ta kai har 2075, amma kowacce tana iya janyewa in ta ba da sanarwar shekara ɗaya. In Ostiraliya ta janye, Amurka da Ingila suna nan da jiragensu da ma'aikatun da aka faɗaɗa musu. In su suka janye, ita me ya rage mata?

Na biyar, shara ta mai saye ce. Tukunyar tana zuwa a rufe da yuraniyom mai ƙarfi, irin wanda ake iya yin bam da shi, tana aiki wajen shekara 30 ba a buɗe ta ba. In jirgi ya tsufa, abin da ya rage a ciki guba ce ta dubban shekaru, kuma Ostiraliya ta yarda ita za ta ajiye. Ƙasar ba ta da tashar lantarki ta nukiliya ko ɗaya. Ko ƙaramar shara irin ta asibiti, da aka zaɓi wani wuri kusa da Kimba don ajiye ta, mutanen Barngarla, 'yan asalin wurin, suka kai ƙara kotu suka yi nasara a 2023, aka fasa. Suna da dalili, domin ba su manta da bama-baman da Ingila ta gwada a Maralinga a 1956 da 1957 ba. Ingilar da ake koyi da ita kuwa, a 2019 mai binciken kuɗin Gwamnatinta ya ba da rahoto cewa tsofaffin jirage 20 suna jibge a tashoshin Devonport da Rosyth, tun daga 1980 ba a gama wargaza ko ɗaya ba.

Abu ɗaya ne a cikin cinikin yake da rana kusa. Daga 2027 jiragen Amurka har 4 da na Ingila 1 za su riƙa zama bi da bi a tashar Stirling kusa da Perth, Ostiraliya kuma ta ware kuɗi har dala biliyan 8 don gyara tashar. Watau kafin mai saye ya ga nasa, ya gina wa mai kaya masauki. Gwamnati ta ce ba ta yi wa Amurka alkawarin shiga yaƙi a kan Taiwan ba. Mun ji. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Wanda jirginsa da makaman ciki da kayan gyara duk daga hannun mutum ɗaya suke fitowa, ranar da mutumin ya ce a tashi, da wane baki zai ce a'a? Ita kuma Sin ɗin da ake shirin tunkara, ita ce ke sayen wajen sulusin kayan da Ostiraliya ke fitarwa.

INA 'YAN HAMAYYA SUKE?

Wannan shi ne abin da ya fi ba mu takaici. A 2021 jam'iyyar Leba ce ke hamayya, Albanese ne shugabanta. Morrison bai kira shi da manyan jam'iyyarsa ya gaya musu ba sai ana gobe za a yi shela. Kafin kwana ɗaya ya cika sun amince. Zaɓe ya gabato, suna tsoron kada a ce musu ragwaye a kan tsaron ƙasa. Ciniki mafi girma a tarihin sojan ƙasar, wanda jikoki za su biya, aka yi masa sallama cikin dare ɗaya. An kai takardun yarjejeniya gaban kwamitin Majalisa daga baya, an kuma yi dokoki, amma duk bayan an riga an tafa hannu.

Amfanin ɗan hamayya shi ne ya tsaya a madadin wanda ba ya cikin ɗaki, ya ce a kawo takarda mu gani, nawa ne, yaushe, in ba a kawo ba fa? In ya bar wannan don tsoron baki, to ya bar aikin da aka zaɓe shi dominsa. Sai da tsofaffi suka fito suka yi maganar. Paul Keating, wanda ya yi Firayim Minista a ƙarƙashin ita Lebar daga 1991 zuwa 1996, ya ce a watan Maris na 2023 jam'iyyarsa ba ta yi mugun zaɓi irin wannan a harkar waje ba tun zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Turnbull na ɗaya ɓangaren shi ma bai daina suka ba, ko da yake za a ce yana jin zafin cinikinsa da aka rushe. A 2025 kwamitin tsaro na Majalisar Ingila ya buɗe bincike a kan AUKUS, Amurka ma ta yi nata. Masu karɓar kuɗi suna sake lissafi, mai biya yana cewa ba abin dubawa.

Kada kuma a ce ba a san hanya ba. A watan Agusta na 2025 Ostiraliyar nan ta zaɓi jiragen yaƙi na saman ruwa 11 daga kamfanin Mitsubishi na Japan, bayan ta gwada tayinsa da na Jamusawa. An ga kaya, domin samfurin farko na jirgin yana aiki a ruwan Japan. An san ranar da za a kawo na farko. Japan ɗin nan kuma kusan kowace shekara tana karɓar sabon jirgin ƙarƙashin ruwa mai dizal daga ma'aikatunta na Kobe, ba ta makara. To me ya hana a yi wa babban ciniki abin da aka yi wa ƙarami?

ABIN DA MUKE GANI

Ba mu ce lalle jiragen ba za su zo ba. Suna iya zuwa, in ma'aikatun Amurka sun ƙara himma, in Shugaban da ba a zaɓa ba tukuna ya yarda, in zanen Ingila ya yi kyau, in an sami mutanen da za su tuƙa su, domin Collins mutum wajen 60 yake ɗauka, Virginia kuwa fiye da 130. Amma "in" ɗin ta yi yawa, kuma yawancinsu ba a hannun mai biya suke ba. Kafin nan tsofaffin Collins ake yi wa kwaskwarima don su ƙara shekaru. In suka gaji kafin sababbi su iso, ƙasar da ta yi shekara 20 tana neman jirage 12 za ta wayi gari ba ta da ko ɗaya. Wannan shi Bahaushe ke kira cinikin biri a sama.

Da mutanen Ostiraliya za su ji tamu, da mun ce su matsa wa wakilansu a kan abu uku. A rubuta a fili abin da zai faru da kuɗin da aka aika in ba a ba da jirgi ba. A faɗi wurin da za a binne sharar, a kuma tambayi mutanen wurin tun yanzu. A shirya wata hanya ta biyu, ko da jirage masu dizal ne daga wanda ya saba cika alkawari, domin kada a zauna hannu rabbana.

Mu kuma, 'yan'uwa, mu riƙe wannan. Akwai abin da ya kamata soja ya ɓoye, kamar zurfin da jirgi ke kaiwa da hanyar da yake bi. Amma kuɗin kaya da ranar kawowa da sharaɗin mayar da kuɗi ba asirin soja ba ne, haƙƙin mai biyan haraji ne ya sani. Duk inda kuka ji an ce a yi shiru da waɗannan don tsaron ƙasa, ku tambaya a kawo takarda. In ƙasa mai arziki da ilmi da jaridu masu baki kamar Ostiraliya ta zubar da dala biliyan 3.4 a kan jirgin da ba a ƙera ba, sa'an nan ta sake miƙa hannu cikin aljihu a kan wanda ba a tabbatar mata ba, to ba wata ƙasa da ta fi ƙarfin a yi mata haka. Za mu ci gaba da bin labarin, duk abin da ya faru kuma za ku ji shi a wannan shafi.